Alhaji, in ka tashi gina bila ka gina ta da ƙasa

Wani dare guda na bazarar da ta wuce ne ya sa ni wannan rubutu. Yayana ya gama bilarsa, wato babban gidan zamani, can bayan garinmu Damagaram inda aka yanka sabbin filaye, gida ne na gani na faɗa wallahi, birgin siminti tun daga tushe har sama, kwanon tol a kai, daɓen karo a ƙasa sai sheƙi yake, ga tagogin gilashi manya-manya kamar na banki. Na je kwana can saboda washegari ana sunan ɗiyarsa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wuta ta ɗauke, gurup, injin ba da wuta, kuma ba mai a ciki, kilim mai sanyaya ɗaki ya yi shiru fanka ta yi shiru, ba a yi rabin awa ba kowa ya jawo katifarsa waje, to wajen ma daɓen siminti ne tun daga ƙofa har ƙofa babu ko icce ɗaya, in ka taka ƙafa sai ka ji kamar ka taka toka. Wajen ƙarfe biyu na dare na ɗora tafin hannuna a bangon falo, na rantse kamar tukunyar da aka sauke yanzu daga murhu. Yara na kuka, mai jego na fifita da murfin kwali, Yaya yana ta kiran wani ya kawo mishi mai a jarka.

Bayan suna na wuce tsohuwar unguwar Birni gaida Kaka. Rana tsaka, irin ranar Afrilu da ko jaki ba ya yarda ya tsaya a fili, na tarar da ita cikin soronta tana gyangyaɗi kan tabarma, randa na gefe tana zufa, ɗakin da ɗan duhu-duhu da sanyin nan mai ƙamshin ƙasa. Na ba ta labarin daren jiya ina dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce "to ku da kuka gina tanda kuka shiga ciki da ƙafarku, wa za ku yi wa kuka?"

Tun daga ranar nake gardama a fada, har abokai sun fara ce mini Sarkin Magina. Abin da nake cewa kuwa ɗaya ne. Ba talaka nake wa wa'azi ba, talaka dama a gidan ƙasa yake, kuma duk ranar da ya samu sarari tsere mishi zai yi. Da masu kuɗi nake, 'yan kasuwa, manyan ma'aikata, 'yan'uwanmu da ke turo kuɗi daga waje a gina musu gida. Su ne ya kamata su gina bila da ƙasa, don a garin nan abin da Alhaji ya yi shi ne ado, abin da ya bari shi ne ƙauyanci. Ginin ƙasa ba ruwan sama ke kashe shi ba da farko, kunya ce ke kashe shi.

Da can ba haka abin yake ba ai. Ku shiga lungunan Zango da Birni ku dubi tsofaffin gidajen fatake, fuskar gida cike da zane, dagi da takobi da zobba, zankwaye a kusurwa sun miƙe sama kamar kunnen zomo, zaure mai bakan gizo wanda in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Waɗancan ba matalauta ba ne, su ne attajiran zamaninsu, masu raƙuma da ke zuwa har Agadas da Tarabulus, kuma da ƙasa suka nuna wa duniya sun tara. Fadar Sarkin Damagaram da muke alfahari da ita tun wajen 1850 take tsaye, zamanin Sarki Tanimun wanda ya kewaye birni da ganuwa. Garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Tun 2006 unguwar Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, Agadas kuwa har ta shiga a 2013, da hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, duk ƙasa ce da icce. Amma yau in yaro ya je neman aure aka ce gidansu na banko ne, wato na ƙasa, sai ka ga an fara kallon juna.

Kalmar bankon nan ma haushi take ba ni. A takardu an raba gidaje hawa uku, na siminti zalla shi ne sarki, mai rabi da rabi shi ne waziri, banko kuwa shi ne bara. Gidan da gwani ya shekara biyu yana ginawa da akurkin da aka haɗa cikin sati guda duk sunansu ɗaya, banko.

Sanyin soron Kaka ba sihiri ba ne kuma ba albarkar tsufa ba ce kaɗai. Bangon ya fi kamu guda kauri, a ƙasa ma ya fi haka don yana hawa yana sirancewa. Zafin rana in ya bugi irin wannan bango ba ya ratsawa nan take, a hankali yake tafiya cikin ƙasar, kafin ya iso ciki rana ta faɗi, waje ya fara hucewa. Rufin ma ƙasa ce a kan azara, ba tol ba da ke ɗaukar zafi cikin minti kaɗan ya juye maka shi a ka. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, iskar da ta yi zafi ta tashi ta fice. Kar in yi ƙarya dai, cikin dare a tsakiyar bazara soro ma yana da ɗumi, zafin da ya haɗiya da rana yana amayar da shi, shi ya sa kakanninmu suke kwana tsakar gida ko bisa soro a watannin nan, da hunturu kuma wannan ɗumin shi ne bargonka. Amma tsakar gidan nasu rairayi ne da inuwar bedi, ba daɓen siminti ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, birgin siminti mai rami a ciki, siriri, da gilashi yana kallon yamma, wannan gida ne da aka gina shi bisa sharaɗin cewa wuta ba za ta taɓa ɗaukewa ba. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka, wata da watanni. Wanda gidansa ba ya zaunuwa sai da kilim ya san abin da ya sha.

Sannan akwai fasalin gidan shi kanshi. Bilar Yaya babu zaure, daga ƙofa sai fili sai falo, baƙo namiji in ya zo ko dai a tsaida shi a titi ko a shigar da shi falon da mata ke zaune suna kallo. Me ya faru? Wata uku da tarewa ya kira mai walda ya kafa mishi rumfar tol a ƙofar gida, a nan yake karɓar baƙi yana shan shayi. Wato ya kashe miliyoyi ya cire zaure, sannan ya sake kashe kuɗi ya yi mummunan zaure.

Na san abin da za a jefe ni da shi, kuma an jefe ni da shi ba sau ɗaya ba. Daminar 2024. Ruwan da ba mu saba gani ba, mutum sama da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan guda abin ya shafa, gidaje suka zube ba iyaka kuma yawancinsu na ƙasa ne, wannan gaskiya ce ba na musu. A farkon Satumba ma tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe, duk mun ga bidiyon a waya, ni kam sai da na yi hawaye don a gindinsa na yi wasan ƙuruciya. Duk wanda ya rasa ɗa ko uwa a ƙarƙashin bango ba zan tsaya gabansa ina yabon ƙasa ba, ba ni da wannan bakin.

Amma mu duba da kyau. Masallacin nan ya fi shekara 170 yana shan damina. A nuna mini bilar siminti guda da za a ce za ta kai haka. Gidajen da suka fi zubewa kuma mun san irinsu, don muna wucewa ta gabansu kullum: ba tushe, an ɗora birgi kan rairayi kawai, bango siriri don a rage kuɗi, ƙasar an kwaɓa ta yau an buga gobe ba ciyawa ba komai, an gina a hanyar ruwa ko a bakin kududdufin da aka cike da shara, indararo ya toshe shekara uku ba wanda ya hau ya duba, titi ya tashi ya fi gida tudu ruwa yana kwana a gindin bango. Wannan ba ginin ƙasa ba ne, ginin babu ne. Ƙasa abu biyu take roƙo, kar ruwa ya kwanta mata a ƙafa, kar ya zauna mata a ka, sannan duk shekara kafin ruwan farko a bi ta da yaɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Ni kaina na yi wautar da ta koya mini hankali. Shekarun baya na samu ɗan kuɗi na ce bari in huta da yaɓen kowace shekara, na kira wani maso ya shafe bangon gidanmu na waje da siminti, ya yi kyau kam, makwabta suna ta barka. Damina biyu kacal. Wata safiya muka ji rif, shafen ya ɓallo falle guda kamar ɓawon rogo, bayansa ƙasar ta jiƙe sharkaf ta zama kamar tuwon da ya kwana, gara ta yi gida a ciki. Ashe ruwa yana shiga ta 'yan tsagogi, siminti ya hana shi fita. Dole na je na ɗauko tsohon maginin unguwarmu, wanda tun ina yaro Baba nake ce mishi. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo ƙasar ya shinshina, ya ce "ɗana, ƙasa numfashi take yi, kai kuma ka toshe mata hanci."

Sati uku na yi ina kallon aikinsa, a nan na gane abin da muke shirin binnewa. Ƙasar ma ba kowace ba, sai da ya sa aka ɗebo daga wuri biyu ya haɗa, aka zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, yara suka shiga da ƙafa suna takawa, aka rufe aka bar ta kwanaki tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa, har sai ta yi danƙo tana kama ƙafa. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi faɗi kai tsini, a jera a rana ya bushe. Shi Baba yana zaune bisa bango ya raba ƙafa kamar mai hawan doki, yaro daga ƙasa yana cillo mishi tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba ya ko kallo, yana dasawa yana bi da laka, ba igiya ba ma'auni amma in ka tsaya daga nesa bangon ya miƙe sak. Da aka zo shafe ya sa aka jiƙa makuba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ruwanta ya yi ja-ja baƙi-baƙi aka kwaɓa da shi, shi ke sa ruwan sama ya zame. Ya ba ni labarin laso da ubansa ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ake shafe rufi da shi ya yi shekaru ba ɗigo, ya ce yanzu marinar ma ina take. Gashin dai akwai, majemar Damagaram ba ta mutu ba.

Na tambaye shi cikin 'ya'yansa wa ya gaje shi. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ɗaya kabu-kabu yake yi, ɗaya ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, ƙaramin ya koyi aikin siminti don can ake samun na cefane kullum. Laifinsu ne? Sana'ar da ba mai kiranka sai in bangon talaka ya faɗi, shi ma ya biya ka da Allah ya saka.

Abin dariya abin kuka, a waje kyauta ake rabawa kan abin nan da muke jin kunya. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wani magini ne manomi, Falke Barmu, ya gina shi da ƙasa, a 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Francis Kéré na Burkina Faso ya fara da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, birgin ƙasa, rufin ƙarfe an ɗaga shi sama ya bar tazara iska na ratsawa tsakaninsa da silin, a 2022 ya ci Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a wannan fanni, shi ne ɗan Afirka na farko. Ga tamu ta gida Mariam Issoufou Kamara, ita da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje masu bene a Yamai da birgin ƙasa wanda ake matsewa da inji, a Dandaji kuma suka gina sabon masallaci suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018, da maginan wurin aka yi aikin. Na kawo waɗannan ne don mai cewa ƙasa ba ta bene, ba ta falo mai faɗi, ba ta wayar lantarki da famfo. Tana yi. Ba wanda ya ce ka koma zamanin fitilar aci-bal-bal. Ka yi tushe da dutse da siminti har zuwa gwiwa, dutse dai Allah ya hore mana shi a garin nan har ya yi yawa, ka sa karo a banɗaki da kicin, ka sa fanon sola a sama, sauran jikin gidan ka bar wa ƙasa.

Matsaloli akwai, ba zan ɓoye ba. Azara daga giginya ake fasa ta, gara ba ta cinta shi ya sa magabata suka zaɓe ta, amma giginya shekaru masu yawa take yi kafin ta isa sara, ta yi ƙaranci ta yi tsada, kuma in kowane Alhaji ya ce sai azara to 'yan shekaru kaɗan za mu ƙarasa abin da ya rage. Maganin wannan ma an daɗe da kawo shi, tun wajen 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan gini ba icce, rufin tulluwa da na baka da birgin ƙasa zalla. Sai ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwa, garin bisa dutse yake zaune, daga nesa ake jawo mana shi, irin su Gogo Machaya da Arunguza, a bazara 'yan ga-ruwa su ne sarakai. Kwaɓa ƙasa na cin ruwa sosai, amma siminti ma sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kuma shi ruwa mai tsabta yake so, ƙasa kuwa ruwan tabki ya ishe ta, shi ya sa ake buga birgi bayan damina tun tabkuna ba su ƙafe ba.

Kuɗi fa? A nan nake saɓawa da masu cewa ginin ƙasa araha ne. Na banza ne ke da araha. Bila ta ƙwarai da gwani zai gina, bango mai kauri, bakan gizo, zane a fuska, za ta ci kuɗi kuma za ta ci lokaci, araha ba ta ado. Bambancin shi ne inda kuɗin ke zuwa. Siminti daga Malbaza yake zuwa ko daga Najeriya, ƙarfe da tol da gilashi da karo daga can nesa, kana biya kuɗin na hawa tirela suna barin gari. Na ƙasa kuwa mai amalanke ya ci, mai jaki ya ci, yaran da ke takawa su ci, maƙeri ya ƙera maka ƙyaure, mata masu saƙar tabarma da masu asabari su samu, maginan tukwane na Mirya su yi maka randa da indararo. Sannan faktir ɗin wuta na kowane wata, wanda ba mai lissafa shi ranar da ake zana gida. Masana na cewa sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, to mu da zafi da ruwan sama marar kan gado ke faɗa wa a ka, ko don wannan ma ya isa mu rage.

Abu guda nake tsoro in abin ya zama yayi. Na fara gani a hotuna, otal-otal da gidajen hutu da aka gina da siminti sannan aka shafa musu fenti kalar ƙasa aka ɗora zanko na ƙarya, a ce wai gargajiya, ciki kuwa kilim ke aiki dare da rana. Ko kuma a ɗauko tsoho irin Baba ya yi aikin duka da iliminsa, mai zanen takarda ya ɗauki suna da hoto da miliyoyi, shi a biya shi kuɗin yini kamar lebura. In haka za a yi gara a bari. Wanda zai gina da ƙasa ya biya gwani kuɗin gwani, ya sa a haɗa shi da samari biyu uku su koya a kan aikin. Jami'ar André Salifou da makarantun koyon sana'a na garin nan su ma me zai hana su kira irin waɗannan tsofaffi su shiga aji, tun suna da ƙarfin hawa bango? Ga azuzuwan zana cike da ƙasar nan, ba mu manta gobarar Maradi ta 2021 da ta cinye yara 'yan makaranta ba, alhali ƙasar da za a gina aji da ita tana ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ni dai ina da ɗan filina, ba babba ba ne kuma ni ba Alhaji ba ne, amma na yanke shawara. Uwargida ta yi ta fushi sati biyu, ta ce ƙawayenta za su ce mun talauce, daga baya muka daidaita a kan cewa ɗakinta da kicin da banɗaki za a sa karo, kuma fuskar gida sai an yi mata zane wanda ya fi na gidan Kaka, na ce na ji na yarda, tun ran gini tun ran zane. Yaya ya ce zai zo ya ga yadda damina za ta yi da ni. Na je na sami Baba da maganar, ya ce in bari sai bayan kaka in an gama girbi, ya lissafa mini amalanken dutse da na ƙasa da zan fara tarawa, ya ce zaure zai fara ginawa kafin komai don a nan za a san ko hannunsa na nan. Da na tashi tafiya ya kira ni ya ce in nemo mishi yara biyu masu ƙarfin kafaɗa waɗanda ba sa jin kunyar laka, don wanda ke cillo mishi tubali da can yanzu yana Agadas. Na tambayi samari shida a unguwa, zuwa yanzu ɗaya ne ya ce zai yi shawara.